Yadda Ake Koyar da Ɗaliban Sakandare Zama Lafiya a Intanet

Makarantu da dama sun hana shiga da waya, kuma suna da hujjarsu. Sai dai hanin a bakin ƙofar makaranta yake tsayawa. Da an tashi, yaro zai ɗauki wayar mahaifiyarsa ko ta yayansa, yarinya ta ari ta ƙawarta, su shiga WhatsApp da TikTok da Facebook ba tare da wani babba ya taɓa zaunar da su ya ce ga rami, ga tudu ba. Wannan bayani na malamin da aka ɗora wa wannan aiki ne, ko wanda ya ɗora wa kansa saboda kishin yaran. Na tsara shi a kan darasi ɗaya a mako, na minti 40, tsawon zangon karatu guda, daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa sama. Zan riƙa cewa "malam", amma malama ma da ita nake.

Abin da ake so yaro ya fita da shi ɗabi'a ce, ba rubutun da zai haddace ya zubar a jarrabawa ba: ya riƙa dakatawa kafin ya latsa ko ya tura, kuma ya san babban da zai nufa idan abu ya ɓaci.

Kayan aiki

- Waya ɗaya mai shiga intanet, taka ta isa, da cikakken caji da 'yar data.
- Saƙonni na gaske kamar ashirin da ka tsinto a guruf-guruf ɗin da kake ciki: labarin ƙarya, tallan aikin bogi, saƙon "ka ci kyauta", tsohon hoton da aka ce na jiya ne. Ka haɗa da labaran gaskiya biyar ko shida. Ka goge suna da lambar wanda ya turo.
- Kwalaye manya, maka, gam da alli.
- Akwatin tambaya: kwalin sabulu ko na taliya da aka liƙe aka huda samansa.
- Majigi idan makaranta na da shi da wuta. In babu, ka buga saƙonnin a takarda. In kuɗin bugawa ya gagara, ka kwafe su da hannu a kwali, har da kura-kuran rubutunsu, domin kura-kuran ma darasi ne.

Kada rashin ɗakin kwamfuta ya tsayar da kai. Mafi yawan wannan aiki da allo da baki ake yinsa.

1. Nemi izini, ka ja iyaye a jiki

Ka fara da shugaban makaranta. Ka nuna masa jadawalin makonnin a takarda ɗaya, ka nemi gurbi a darasin kwamfuta ko na sanin haƙƙin ɗan ƙasa, ko ranar kulob. Sannan ka nemi minti goma a taron iyaye da malamai. Tambayar da za su fara yi maka ita ce: "Malam, wato koya musu latse-latsen waya za ka yi?" Ka amsa a fili cewa babu yaron da za a ce ya zo da waya, babu wanda za a buɗe wa shafi, kuma wanda bai kai shekara 13 ba ma dokar Facebook da TikTok da WhatsApp kansu ba ta yarda ya yi rajista ba. Idan ka tsallake wannan mataki, ranar da yaro ya koma gida ya ce yau an yi musu darasin TikTok, aikin ya mutu tun bai tashi ba.

2. Gano inda suke yawo

A darasin farko ka raba ƙananan takardu, ka ce kada kowa ya rubuta suna. Tambaya huɗu: Wayar wa kake amfani da ita? Wace manhaja ka fi shiga? Wani wanda ba ka sani ba ya taɓa yi maka magana? Mene ne ya taɓa tsorata ka ko ya ɓata maka rai a waya? Su jefa a akwati, ka karanta a gida kai kaɗai.

Kada ka ce "wanda yake TikTok ya ɗaga hannu". Babu mai ɗagawa, don sun ɗauka tarko ne. Kuma duk abin da ka gani a takardun nan, kada ka shigo washegari da fuskar shanu kana neman mai rubutun. Da zarar sun ga akwatin yana kai mutum ga bulala, ya zama fanko har ƙarshen zango. Amsoshin su ne za su gaya maka matakin da za ka fi daɗewa a kai; wani ajin damfara ce damuwarsa, wani gori da tonon silili.

3. Tantance labari

Nan ne zuciyar aikin, ka ba shi mako biyu ko uku.

Ka fara da aikin gida: kowa ya tambayi iyayensa labarin ruwan gishiri. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya karaɗe wayoyi cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum. Mutane suka yi ta buga wa 'yan uwa waya suna tashin su daga barci. An rasa rayuka, an kwantar da wasu a asibiti, alhali maganar ba ta da tushe. Kusan kowane yaro zai dawo da labari daga gidansu, wani ma zai ce har shi aka yi wa wankan yana ƙarami. Sai ka tambaye su: waɗanda suka tura saƙon mugaye ne? Za su ce a'a. Wannan shi ne abin da kake so su gane: yawancin ƙarya masoya ne ke isar da ita, da kyakkyawar niyya.

Daga nan ka rubuta tambayoyi huɗu a kwali, ka manna a bango su zauna har ƙarshen shekara:

Wa ya fara faɗa? Yaushe abin ya faru? Wace kafa ce kuma ta ba da labarin? Me mai saƙon yake so in ji a raina?

Ta huɗun ce yara ba sa tsammani, kuma ita ta fi aiki. Saƙon da ya sa jininka ya tafasa nan take, ko ya ce "ka tura wa mutum goma kafin a goge", ko ya haɗa ka da Allah kada ya tsaya a wayarka, an gina shi ne don ya hana ka tunani. Ka nuna musu alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sawa a kan saƙon da aka yi ta turawa. Tun 2020 kamfanin ya taƙaita irin wannan saƙo, ba ya turuwa sai ga wuri ɗaya a lokaci guda. Kibiyar ba ta nufin ƙarya ce, tana nufin wanda ya turo maka ba shi ne mai maganar ba.

Yanzu ka raba aji rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, kowane rukuni ka ba shi saƙo uku, ɗaya a ciki na gaskiya. Su yanke hukunci: gaskiya, ƙarya, ko "ba mu tabbatar ba tukuna". Ka yaba wa masu amsa ta ukun sosai, domin yaran sun saba a makaranta cewa "ban sani ba" faɗuwa ce. Bayan sun gama, ka ɗauki wayarka a gabansu ka binciki ɗaya: ka rubuta kalmomin labarin a Google, ka duba ko BBC Hausa ko Aminiya ko Freedom Radio sun kawo shi, ka leƙa shafukan masu bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check da Alkalanci mai aiki da Hausa. Ka riƙa faɗin abin da kake yi da ƙarfi, wayar na zagayawa daga benci zuwa benci.

Kuskuren da malamai ke yawan yi shi ne kawo ƙarya zalla. Sai yaro ya fita da cewa komai ƙarya ne, har sanarwar rigakafi da ta jarrabawa. Wannan ma ɓata ce, kuma ta fi wuyar gyara.

Akwai wata tambaya da ba ta taɓa rasa fitowa: "Malam, to in kawuna ne ya turo a guruf ɗin gidanmu fa?" Kada ka wuce ta da sauri. Yaron da ya koyi gano ƙarya amma ya ƙaryata babba a bainar jama'a, ya ja wa kansa da darasinka baƙin jini. Ku gwada a aji yadda zai bi kawu ta gefe, shi kaɗai, bayan gaisuwa: "Kawu, Allah Ya ƙara girma, na ga saƙon da aka turo maka, na duba sai na tarar labarin na shekarun baya ne, ga inda na gani." Ka tuna musu cewa bincike kafin yaɗa magana ba baƙon abu ba ne a wurinmu: aya ta 6 ta Suratul Hujurat a kan haka take, kuma sun karanta ta a Islamiyya. Idan akwai ɗalibai Kirista, hanin shaidar zur yana cikin Dokoki Goma.

4. Hoto, bidiyo da murya

Yaro zai iya shakkar rubutu, amma hoto yakan ce "ai na gani da idona". Ka gaya musu abin da binciken BBC na 2018 ya gano game da rikicin Jihar Filato na watan Yunin shekarar: cikin abubuwan da aka yaɗa a Facebook ana cewa daga can ne, har da bidiyon da aka ɗauka a Kongo Barazabil tun 2012, kuma 'yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen rura wutar. Kada ka nuna musu hoton gawa ko jini don kafa hujja. Ka yi amfani da hoton ambaliya ko na cunkoson motoci da aka canza wa gari.

Aikin hannu: ka buɗe Google Lens, ka ɗora hoton, ku ga wuraren da ya taɓa fitowa da shekarunsu. In bidiyo ne, ka tsayar da shi a wuri mai kyau, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika da shi. Ranar da babu data ko sabis ya ɗauke, ku yi da ido: lambar mota ta wace ƙasa ce? Rubutun allon shago da wane harshe? Kakin jami'an tsaron namu ne? An ce jiya aka ɗauka, ga ciyawa kore shar, alhali muna tsakiyar hunturu?

Ka rufe da ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Yanzu ana iya ɗora wa malami ko gwamna ko ɗan wasa maganar da bai yi ba, da muryarsa. Leɓen da bai dace da sauti ba da yatsun da suka karkace suna taimakawa, amma manhajojin na ƙara ƙwarewa, don haka kada ka sa su dogara da wannan. Su koma ga tambaya ta uku: wa kuma ya ba da labarin?

5. Sirri da 'yan damfara

Ka zana da'ira a allo, ka rubuta abin da ba a ba kowa ta waya: lambar sirrin katin banki, lambobin da ke jikin katin, BVN, NIN, da duk wata lambar da aka turo ta saƙon tes. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Ka nanata wannan, domin da yawa cikin yaran su ke karanta wa iyayensu saƙo, su ke zuwa wurin mai POS, wayar uwa a hannunsu take.

Wasan kwaikwayo ya fi bayani a nan. Ka zama ɗan damfara, ɗalibi ya riƙe littafi a kunne:

"Salamu alaikum, ɗan uwa. Daga guruf ɗinku na makaranta ne. Akwai taro ta intanet da ƙarfe takwas, yanzu an turo maka lamba shida, karanto min in sa sunanka."

Ka yi muryarka da daɗi, da sallama da addu'a, kamar yadda suke yi. Na farko yakan karanto. Sai ka bayyana cewa lambar nan shida ita ce makullin WhatsApp ɗinsa. Mai kiran ya kwashe shafin, yanzu zai bi 'yan uwa yana roƙon kuɗi da sunansa. Ku maimaita har kowa ya iya cewa "ba na bayarwa" ya kashe waya ba tare da jin kunya ba. Kunyar ce ɗan damfara ke hawa.

Ka nuna rigakafin a wayarka: a saitin WhatsApp, ƙarƙashin Account, akwai Two-step verification, inda mutum ke sa wata lamba shida ta kansa. In kuwa an riga an ƙwace, a sake shiga da lambar layin, a sa sabuwar lambar da za ta zo ta tes, ɓarawon zai fita. Idan ya riga ya sa tasa lambar ta biyu, sai a jira kwana 7, kafin nan a buga wa dangi waya a gargaɗe su.

Ga 'yan ajin ƙarshe, ka ƙara masu cewa za su ɗaga makin JAMB ko WAEC ko NECO in an biya. Babu mai iya wannan, kuɗin ne kawai zai tafi. Su duba adireshin shafi kafin su cike komai: na hukumomin gwamnati yawanci da .gov.ng yake ƙarewa, kamar jamb.gov.ng. Shuɗin rubutun da ya zo da alkawarin data kyauta ko tallafi, kada a latsa. Ka ba su labarin MMM da ya rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, da CBEX da ya yi haka a Afrilun 2025: suna ne ya canza, alkawarin riba mai tsoka cikin wata guda bai canza ba.

Kalmar sirri kuwa, kada ta zama suna ko shekarar haihuwa ko lambar waya. Kalmomi huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna, da lamba a tsakani, sun fi ƙarfi kuma sun fi sauƙin tunawa. Wanda ya shiga shafinsa a wayar aro ko a shagon kwamfuta, ya fita kafin ya miƙa. Kada ka taɓa cewa yaro ya rubuta tasa ta gaske a matsayin aikin aji.

6. Ladabin magana da sawun da ake bari

Ka rubuta jimla guda ta gori a allo, irin wadda ake yi a guruf ɗin aji a kan kamannin mutum ko talaucin gidansu ko ƙabilarsa, ba tare da suna ba. Ka tambaya: wa zai iya tashi ya faɗa wa wani wannan a gaban mahaifinsa? Daga nan ku tattauna matsayi uku: mai yi, wanda ake yi wa, da masu kallo suna tura alamar dariya. Ka daɗe a kan na ukun, don a nan mafi yawan ajin suke.

Su gane cewa gogewa ba ta share abu. Kafin ka goge, wani ya ɗauki hotonsa, kuma zai iya fitowa ranar neman aiki ko neman aure. Ɗaukar hoton mutum ba da saninsa ba, ko na wanda ya yi haɗari a hanya, ko fitar da hirar da aka yi da kai a asirce, duk cin amana ne. Akwai kuma doka: Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, sashenta na 24 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7 ga wasu nau'o'in saƙonni, ciki har da na batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don ta da zaune tsaye. Ka faɗa sau ɗaya don su sani, kada ka mai da darasin barazana.

Ku ƙare da rubuta ƙa'idojin guruf ɗin ajinsu da bakinsu, guda biyar kacal. Wanda suka tsara da kansu sun fi kiyaye shi.

7. Baƙon da ke neman hoto

Wannan darasi a raba aji: malama da 'yan mata, malam da samari. In babu malama a makarantar, a roƙi wata uwa mai mutunci daga cikin iyaye ko ma'aikaciyar lafiya, kai kuma ka ba ta bayanin tukuna.

Ku bayyana yadda abin ke tafiya daki-daki: yabo, sai kyautar kati ko data, sai "kada ki gaya wa kowa", sai neman hoto, sai barazanar watsawa in ba a ƙaro wani ko an turo kuɗi ba. Samari ma ana yi musu, da shafin da ke ɗauke da hoton mace. Girman abin ya kai a Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu alaƙa da irin wannan damfara. Ka faɗa wa samarin gaskiya cewa masu yin ma matasa ne kamarsu, kuma ƙarshen hanyar kurkuku ne.

Abin yi idan ya faru: kada a biya, don biya ba ya tsayar da su, kada a ƙara tura komai, a adana hoton hirar da sunan shafin kafin a toshe shi, a kai ƙara a cikin manhajar, a gaya wa babba a ranar. Kowane ɗalibi ya rubuta a bayan littafinsa sunan manya biyu da zai iya tunkara.

Sauran aikin naka ne, malam. Ranar da yarinya ko yaro ya tsaya bayan an tashi ya ce "Malam, ina da magana", kalmarka ta farko ita za ta yanke ko zai ƙarasa. Ka ce, "Kin kyauta da kika faɗa, ba ke kaɗai ba ce, za mu san abin yi." Faɗa da nasiha su jira. Kada ka nemi ganin hoton, kada ka bari a tura shi wayarka. Kada ka yi alkawarin ɓoyewa ɗungurungum. Ka ce ba za ka gaya wa kowa ba sai wanda dole ya sani. Ka sanar da shugaban makaranta ko mai ba da shawara, ku zauna da iyaye cikin hikima, domin tsoron dukan gida ne ke sa yara su yi shiru har abin ya fi ƙarfinsu. In akwai barazana ko karɓar kuɗi, a kai ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiya ta musamman kan laifukan intanet, ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. Maganar kada ta shiga ɗakin malamai a matsayin hira.

8. Auna abin da ya zauna

Jarrabawar cike gurbi ba za ta nuna maka komai ba. A makon ƙarshe ka kawo sabbin saƙonni biyar da ba su taɓa gani ba, kowa ya rubuta abin da zai yi da kowanne da dalilinsa. Makin yana kan dalilin. Sannan kowane rukuni ya shirya wasan minti biyar ko kwalin faɗakarwa da Hausa, su gabatar a taron safe ga 'yan ƙananan aji. In kana son rana ta musamman, akwai Ranar Kiyaye Intanet a watan Fabrairu, da makon wayar da kai kan kafofin labarai na UNESCO daga 24 zuwa 31 ga Oktoba, wanda Abuja ta karɓi baƙuncin babban taronsa a 2022.

Akwatin tambaya ya ci gaba da zama a aji bayan an gama, ka riƙa buɗe shi duk Juma'a. Kafin sabon zango kuma ka zubar da rabin tarin saƙonninka ka tsinto sababbi, ka roƙi ɗaliban da suka gama su riƙa kawo maka waɗanda suka ci karo da su, domin salon damfarar bana ba shi ne na baɗi ba.